Kafin A Raba Tukwanen Gado

A garinmu Kambaza, da sauran garuruwan ƙasar Gwandu har zuwa Kalgo, idan aka yi rasuwa aka share makoki, akan sa ranar ƙidayar dukiya. Malami ya zauna da takarda da biro, manyan magada su kewaye shi. A rubuta gida, a rubuta gonar tudu da ta fadama, shanun da ke hannun Fulani, gero da dawar da ke rumbu, buhunan shinkafa, babur in akwai, gwal in mamaciyar mace ce. Kowanne sai an kira wanda ya san kasuwarsa ya yi masa kuɗi, domin ba magajin da zai yarda a ƙiyasta saniya ba a tambayi mutumin kara ba. Amma da an zo kan randa da tuluna da tangaran ɗin da ke jere a kabad, sai a ce tarkacen ɗaki ne, mata su raba a tsakaninsu. Abin da ya rage a bar shi a tsakar gida, kaji su sha ruwa a ciki, yara su ƙarasa shi.

Ba ina cewa kowace tsohuwar tukunya dukiya ce ba. Mafi yawan abin da ke ɗakunan iyayenmu, in aka kai shi kasuwar Jega ko ta Birnin Kebbi, kuɗinsa ba zai biya motar da ta kai shi ba. Sai dai akwai 'yan ƙalilan da ba haka suke ba, kuma a ido ba su da wata alama da za ta ja hankalin wanda bai sani ba. Haƙƙin magada, musamman marayun da ke cikinsu, bai tsaya kan gona da dabba ba. Duk abin da mamaci ya bari mai daraja gado ne, ba a kuwa sanin mai daraja sai an duba. Dubawar nan ba ta cin ko kwabo.

Mai sayen sa haƙoransa yake dubawa, mai son sanin tukunya kuwa ƙasanta zai duba. A shimfiɗa bargo ko tabarma a ƙasa, a zauna, a kama abin da hannu biyu a cikinsa. Kada a ɗaga shi ta wuya ko ta mariƙi, nan ne ya fi saurin ɓallewa. A kifa shi a hankali. Wurin da yake zama a kai, inda ba a shafa masa komai ba, shi ke nuna ainihin yumɓun da aka gina shi da shi. In ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, kuma ka ɗiga ruwa ya tsotse nan take, to gashin gargajiya ne, irin wanda ake tara tukwane a fili a lulluɓe su da kara da ciyawa da kashin shanu a cinna wuta. Zafin irin wannan gashi yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900. In kuwa toka-toka ne mai tauri, ruwa ya tsaya a kansa bai shiga ba, to an gasa shi a rufaffen tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200, inda yumɓu ke haɗewa ya koma kamar dutse. In fari ne fat, siriri, har ka haska tocila a ciki ka ga haske na ratsawa, wannan tangaran ne na ainihi, kuma daga waje ya zo.

Sai a ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye wanda ya sha wuta sosai yakan yi ƙara mai tsawo. Wanda ya tsage, ko da tsagar ba ta fito fili ba, ƙararsa a mace take, tana tsayawa nan take. Bayan wannan sai a nemi rubutu ko hatimi, a ƙasan ko a gefe dab da ƙasan.

Na fara mai da hankali kan wannan ne a gidan kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aikin gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna a shekarun 1960 kafin ya yi ritaya ya dawo gida. Bayan rasuwarsa ina cikin masu fitar da kayan ɗakinsa. A saman kabad akwai wata butar zuba ruwa mai mariƙi ɗaya, an cika ta da tsofaffin makullai da ƙusoshi. Da na ɗauke ta sai na ji ta fi yadda na zata nauyi. Jikinta baƙi ne mai sheƙi, amma a bakinta da kan mariƙin, inda ruwan gilashin da aka shafa mata ya yi siriri, launin ya koma na tsatsa. A kewayen cikinta an ja layuka masu lanƙwasa da wani abu mai haƙora tun tana ɗanya. Na juye ƙusoshin, na sa hannu ciki, sai yatsuna suka ji zobba-zobba daga ƙasa har wuya, sawun yatsun wanda ya ja yumɓun sama a kan faifan juyi. Dab da ƙasanta akwai hatimi biyu, kowanne bai fi girman farce ba. Na farko rubutun ajami ne, na karkata shi wajen hasken ƙofa na karanta: Abuja. Na biyu haruffan boko ne, amma ruwan gilashin ya gangaro ya cike su, ba sa karantuwa sosai.

Matar kawu tana zaune bakin ƙofa da carbi a hannu tana kallona. Ta ce, "Ɗan nan, mi kag gani ga wanga tsohon abu?"

Na ce, "Inna, a ina Kawu ya samo shi?"

Ta ce, "Tun muna Kaduna yat taho da shi daga wata tahiya. Da kohuna nai da komi, duk yara sun hwashe su. Shi ɗai yar rage."

Abujar da ke kan hatimin nan ba babban birnin tarayya ba ce. Tsohuwar Abuja ce, garin da Haɓen Zazzau suka kafa, wanda aka mayar wa suna Suleja bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birni a ƙarshen shekarun 1970. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani maginin tukwane ɗan Ingila, Michael Cardew, aikin bunƙasa sana'ar tukwane a Najeriya. Ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da itace da ruwa, ya tsayar da shawara kan Abuja, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a can a 1951. Hukumomin En'e suka riƙa tura masa samari, har daga Sakkwato da Kano, kuma a shekarun 1950 an buɗe rassa a waɗannan birane biyu, ko da yake ba su daɗe ba. A lokacin mu nan ƙarƙashin Lardin Sakkwato muke, saboda haka ba abin mamaki ba ne kayan cibiyar su iso gidajen sarakuna da hakimai da ma'aikatan ƙasar Gwandu. Cibiyar ta yi faranta, kwanoni, kofuna, butocin shayi, tukwanen miya masu murfi, da kwalaben mai waɗanda murfinsu na yumɓu ne amma murɗa shi ake yi. A kan kowanne akan buga hatimin Abuja da ajami, a gefensa kuma haruffan farko na sunan wanda ya gina.

A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Cardew ya fara ganin tulunan wata mata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, waɗanda Sarki ya ajiye don kyansu. Ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925, ta koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kuma a 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a can. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ya ga hotonta a bayan takardar, tana zaune tana gini. Abin da ke ba ni takaici shi ne kusan kowa a ƙasar nan ya san fuskarta, amma in aka ajiye tulunta a gaban mutum dubu da wuya a sami ɗaya da zai gane shi.

Ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanoni da kofuna kamar sauran. Amma abin da ya fitar da sunanta manyan tulunan ruwa ne irin na Gwari, waɗanda ta ci gaba da ginawa da hannu yadda ta gada: ta murza yumɓu ya yi tsawo, ta ɗora, ta zagaya tulun tana jan bangonsa sama da yatsu. Takan raba jikin tulun gida-gida da layuka, a kowane gida ta zana dabba da tsinin wuƙar itace: ƙadangare, kada, hawainiya, kunama, maciji, kifi, tsuntsu. Tsakanin gidajen takan mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan itace mai tsaga-tsaga ya bar sawu. Abin da cibiyar ta ƙara shi ne a cike zanen da farar ƙasa, a shafe tulun da ruwan gilashi mai ɗan kore-kore wanda ake ganin zanen ta cikinsa, a gasa shi a tanderun itace. Tulun da ya fito daga nan ya yi nauyin da mace ba za ta ɗauke shi zuwa rafi ba, ba ya kuma sanyaya ruwa tunda ba ya tsattsafowa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo, kuma masu kallon suka same shi. An baje kayan Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi da kanta ta je Ingila a 1962 ta yi gini a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972. Ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma sami lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna a 1984.

A watan Nuwamba na 2021 gidan gwanjon Phillips da ke Landan ya sayar da wani tulun ruwa nata a kan kuɗin da ya haura fam 100,000. Wannan labari ne da ke sa mutum ya tashi ya hau binciken ɗakin kakarsa, saboda haka dole in ja burki a nan. Wancan babban tulu ne ginin hannu, lafiyayye, wanda ya fito daga tarin wani sanannen mai tara irin waɗannan kaya, aka san hannun da ya bi. Ƙananan kayanta na faifan juyi, kwano ko kofi ko faranti mai ɗauke da haruffan LK, kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba, akan sayar da su ɗaruruwa ko 'yan dubban fam. Sannan ba Ladi kaɗai ta yi aiki a cibiyar ba. Akwai Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa da Lami Toto cikin mata, akwai Bawa Ushafa, Tanko Ashada da Danlami Aliyu cikin maza, da wasu da yawa, kowa da haruffansa. Shi kansa Cardew yana da nasa, MC. Kayansu duk suna da masu so, amma farashin ya bambanta ƙwarai. Hatimin Abuja shi kaɗai ma ba ya faɗin shekara, domin Cardew ya bar cibiyar a 1965, Michael O'Brien ya karɓa har 1972, aiki kuma ya ci gaba bayansu.

Inda kuɗi ya shiga, jabu na biye. Hatimin gaskiya tun yumɓu na ɗanye ake danna shi, don haka gefensa yakan ɗan tasa, lanƙwasarsa a sulɓe take, launin cikinsa ɗaya da na kewayensa. Wanda aka kankara bayan an gasa, bakinsa kaifi gare shi, yana da ɓarɓashi, cikinsa kuma ya fi kewayen haske. Babban tulun Ladi ba shi da zobban faifan juyi a ciki, kuma in ka zuba masa ido za ka ga ɗan karkata irin na aikin hannu. Haka nan ba duk tulu mai zanen ƙadangare ne nata ba. Matan Gwari a Kwali da Ushafa da sauran ƙauyukansu sun daɗe suna wannan zane, har yau suna yi. Tulu mara sheƙi, mara nauyi, mai shan ruwa, aikin gargajiya ne na Gwari, yana iya zama kyakkyawa matuƙa, amma bai shiga tanderun Abuja ba. Mai waya a hannu yana iya gwada nasa da hotunan kayan da ke gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, ko na Jami'ar Aberystwyth da ke Wales, duka sun sa su a intanet.

Babbar ɓarnar da na fi gani daga kyakkyawar niyya take fitowa. Mace ta ga tsohon tulu ya dushe, sai ta sa a shafa masa fentin mai don ya dace da sabon ɗaki. Yaro ya ɓalle mariƙi, sai a liƙa shi da gam mai ƙarfi wanda ba ya cirewa. Wata ta jiƙa shi kwana guda a ruwan omo da bilic, ta dirje shi da soson ƙarfe. Duk waɗannan suna zubar da daraja fiye da tsufan kansa. Ƙura dai a share ta da busasshen tsumma mai laushi. In abu ya fashe, a tattara kowane tsingaro har ƙanana, a naɗe kowanne daban a takarda, a ajiye tare. Masu gyaran irin waɗannan kaya suna iya mayar da fasasshe, amma gyaran da aka yi da gam ɗin kasuwa sai sun fara warware shi, wani lokaci kuma ba ya warwaruwa. Ko ƙaramin ɓalli a baki yana rage kuɗi, tsaga mai ratsa jiki ta fi ragewa, murfin da ya ɓata ma haka.

Butar Kawu ba ta Ladi ba ce. Wanda na tura wa hotunanta, malamin fasaha ne da ya san kayan cibiyar, ya ce ta Abuja ce babu shakka, aikin ɗaya daga cikin maginan can, kuma tunda ita kaɗai ta rage ba kofunanta, kuɗinta matsakaici ne. Duk da haka an sa ta a takardar gado aka yi mata kuɗi, babbar 'yarsa ta ɗauke ta a cikin rabonta. Wannan ita ce hanyar da nake ganin ta fi: ko wani magaji ya karɓa a cire kuɗin daga kasonsa, ko a sayar a raba kuɗin. In kuma ana son a bar abin a gida ko a ba gidan tarihi kyauta, sai kowa ya yarda da bakinsa, kuma ba a kyauta da kason yaron da bai balaga ba.

Kayan waje sun fi sauƙin ganewa, don yawanci sun zo da rubutu. Alhazai sun shigo da finjalai da butocin shayi daga Makka, 'yan boko da sojoji sun dawo da tulunan fure daga Turai, kantunan Turawa da na Kwara a Kano da Kaduna sun sayar da faranta. Sunan ƙasar da ke ƙasan abu yana iyakance shekarunsa. In an rubuta West Germany ko W. Germany, an yi shi tsakanin 1949 da 1990. Czechoslovakia ta wanzu daga 1918 zuwa ƙarshen 1992. Rubutun Occupied Japan na 'yan shekarun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, ya ƙare a 1952. Tulunan furen Jamus ta Yamma, masu kauri da launin ja ko ruwan lemo, sukan zo da lambobi biyu a ƙasa, ta farko lambar samfuri, ta biyu tsawonsa a santimita. Masana'anta ce ta zuba su dubbai a mazubi, in ka shafa gefensu wani lokaci za ka ji layin da ɓangarorin mazubin suka haɗu. Suna da masu tarawa, amma kuɗinsu kaɗan ne. Tangaran mai rubutun Sin kuwa a yi hattara da shi: masana'antun can sun daɗe suna buga sunayen sarakunan dā a kan sababbin kaya, saboda haka rubutun ba hujjar tsufa ba ne.

Akwai mutanen da ke yawo ƙauyuka suna neman tsofaffin kaya: tasoshin tagulla, takubba, kuɗin dā, rubutattun littattafai, har da tukwane. Sana'a ce, ban ce duk macuta ne ba. Amma mai saye ba shi ne zai faɗa maka darajar kayanka ba. In ya taya nan take, ya ce yau kaɗai yake gari, a ba shi haƙuri. A ɗauki hoton abin a hasken rana, gaba da baya da ciki da ƙasa, a matso kusa a ɗauki hatimin, a auna tsawo da faɗi da tef ɗin tela, a ɗauki duk wani ɓalli ko tsaga ba tare da ɓoyewa ba. A nuna wa malaman sashen fasaha na jami'a, irin na Zariya, ko ma'aikatan gidan tarihi. Manyan gidajen gwanjo kamar Bonhams da Sotheby's sukan duba hoto su faɗi ƙiyasinsu ba tare da an biya ba, a Legas ma akwai Arthouse Contemporary. Mai bincike a intanet kuma ya bambanta kuɗin da mai kaya ya sa da kuɗin da aka saya, domin kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kan hajarsa. Daga abin da aka sayar ɗin ma sai an cire ladan gidan gwanjo, da kuɗin dako da inshora. Kafin a fitar da kayan fasaha daga ƙasar nan kuma ana neman takardar izini daga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Wani abu da ke ƙara wa kaya kuɗi, wanda mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, shi ne tarihin hannun da ya bi. Tsohon rasit, wasiƙar da ta ambace shi, hoton biki da aka ɗauka a falo tulun yana bayan mutane a kan kabad, duk hujjoji ne. Mu da ba mu cika ajiye takarda ba, hujjarmu tana bakin tsofaffi. Kalmomin nan da matar kawu ta faɗa mini a bakin ƙofa su ne kaɗai suka haɗa butar da Kaduna da zamanin da aka same ta. Ya kamata a tambayi tsofaffi tun suna nan, a rubuta abin da suka ce da ranar da suka faɗa.

Wannan ya fi zama dole a kan tukwanenmu na gida, waɗanda ba su da hatimi ko ɗaya. Randar da ke kusurwar ɗakin tsohuwa, an kafa ta a jiƙaƙƙen yashi, faifai a bakinta, moɗa a kai. Tulun da aka kai amarya da shi. Shantalin alwalar malam. Kaskon turaren wuta. Tandar masa da ta yi baƙi ƙirin don aiki. Ba mai biyan fam a kansu, amma ni a wurina su suka fi cancantar a tsaya a duba, don su ne ke ƙarewa. Robobi da kwanon silba da firiji sun kore su, maginan da suka iya manyan randuna kuma suna raguwa. Su ma ana karanta su. Sa hannu cikin tsohon tulu irin na ƙasar Sakkwato, za ka ji 'yan ramuka marasa zurfi jere da juna, sawun dundunge ne, dunƙulen gasasshen yumɓun da magini ke bugun ciki da shi yana juya tulun a cikin ɗan rami. In an yi bugun a kan tabarma, sawun saƙarta yakan fito a baya. Baƙin tabo a gefe ɗaya wurin da makamashi ya kwanta ne lokacin gashi. Duhu mai sheƙi kuwa sau da yawa makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana da zafi. Ƙasan randar da ta yi shekaru tana aiki a goge yake, bakinta ya sulɓe inda hannu da moɗa suka saba taɓawa. Wadda aka tsufar da gangan da hayaƙi da laka, dattin a ko'ina yake daidai wa daida, har inda hannu ba ya kaiwa.

Wani Bature, W. E. Nicholson, ya rubuta bayanin maginan tukwanen Sakkwato a 1929 da 1931, ya bambanta aikin Adarawa da na Zoramawa. Sylvia Leith-Ross ta tara tukwane daga sassan Najeriya ga gidan tarihin Jos, littafinta a kansu ya fito a 1970. Baƙi ke nan suka ga abin rubutawa a tukwanenmu tun wancan lokaci. Tsohuwar da ta mallaki randa takan san garin da aka gina ta, da kasuwar da aka saye ta, wani lokaci har sunan maginar. In ta rasu ba a tambaye ta ba, randar ta zama ta kowa da kowa. Gidan da ba shi da wurin ajiye irin wannan yana iya tuntuɓar gidan tarihin Kanta da ke Argungu, wanda aka buɗe a tsohuwar fada a 1958, ko gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, maimakon a bar ta a bayan ɗaki damina ta cinye ta.

Akwai kashi na ƙarshe da hukuncinsa ya sha bamban, wato abin da aka tono daga ƙasa. Jihar Kebbi cike take da kufai. A Yelwa ta ƙasar Yawuri, binciken da aka yi a shekarun 1960 kafin ruwan madatsar Kainji ya mamaye wurare ya fito da tukwane da 'yan siffofi na gasasshen yumɓu da suka haura shekara 1,000. Siffofin Nok, da aka fara cin karo da su a 1928 wajen haƙar kuza, sun haura shekara 2,000. Irinsu da aka haƙo ba bisa ƙa'ida ba daga yankunan Sakkwato da Katsina sun cika kasuwannin Turai a shekarun 1990, har a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su a jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki abin da aka tono, da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, a matsayin kayan tarihi. Ba a saye ko sayar da su sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa, ba a kuma fitar da su waje sai da izini. Ko da kaka ne ya tsinta a gona ya ajiye a rumbu shekara da shekaru, dokar ta hau kansa, saboda haka masu rabon gado kada su yi masa kuɗi su sayar.

Na san wasunmu in suka ga siffar mutum ta yumɓu sukan farfasa ta don gudun gunki. Ina roƙon a miƙa wa hukuma, mai tsintuwa ya rabu da ita ke nan, masu bincike kuma su sami abin nazarin mutanen da suka zauna ƙasar nan kafin mu. Manomin da garmarsa ta ci karo da tukunya a binne, abin da ya fi shi ne ya bar ta inda take, ya mayar da ƙasa ya rufe, ya sa alama, ya sanar da mai gari ko hakimi su kai maganar gidan tarihi. Kada a zuba abin da ke cikinta don neman gwal, kada a wanke ta. Gawayi da ƙashi da ƙwayar hatsin da ke ciki da kewayenta, da zurfin da take kwance, su ake aunawa a gane shekarunta da abin da mutanen wurin suke ci, kuma da an tumɓuke ta an zubar da ƙasar, ba a sake samun wannan bayani.